KABA DA GORUBA UWA ƊAYA CE

Ina gaishe ku, ɗaliban yaƙi da jahilci, maza da mata, na Madawa da Buza da Keita, da duk inda wannan magana ta iske ku. Wanda ya ke da littafi da fensir ya jawo su kusa, don akwai abin rubutawa a darasin yau, akwai kuma ɗan lissafi.

Yau a kan kaba za mu yi magana. Na san wani zai ce, kaba kuma? Wa za a koya wa kaba a ƙasar nan? Gaskiyarka. A kan tabarmar kaba aka haife mu, a kanta mu ke zaune yanzu. Igiyar guga, da dabaibayin jaki, da takunkumin sa, da faifai, da malafar manomi, duk kaba ce. Tabarmar Madawa kuwa ta yi suna, ana kai ta Tawa da Yamai, tana ƙetarawa har Nijeriya. Mata da yawa da kuɗin saƙa su ke sayen gishiri da sabulu, da shi su ke tara kayan ɗakin 'ya'yansu.

Amma ga tambaya. Kabar nan da ke gonarka, wadda ba ta wuce ƙugunka ba, mece ce ita? Mutane da dama, musamman yara masu tasowa, suna tsammani kaba wani tsiro ne daban, goruba kuma wani itace ne daban. Ba haka ba ne. Kaba ita ce goruba tana ƙarama. Goruba ita ce kabar da aka bari ta girma. In ka ga kaba ta shekara 20 ba ta tashi ba, ba halittarta ba ce. Wuƙa da lauje da bakin dabba ne su ka hana ta.

Ku rubuta kalmomin nan biyu: kaba, goruba. Ku ja layi tsakaninsu, ku haɗa su. Ga ta uku: ƙodago. Ku lura da harafin farko. Na kaba miƙaƙƙe ne, na ƙodago yana da lanƙwasa a kai. Ku faɗe su da ƙarfi, za ku ji bambancin a maƙogwaronku.

To, yaya za a gane goruba, a raba ta da 'yan uwanta? 'Yan uwan nata da mu ka sani a Nijar biyu ne, dabino da giginya. Dabino ba shi da wuyar ganewa. Ganyensa dogo ne, an jera shi dama da hagu kamar gashin tsuntsu. Giginya da goruba su ne masu ganye kamar tafin hannu a buɗe, shi ya sa a kan rikita su suna ƙanana. Amma ganyen giginya ya fi girma nesa, ya kuma fi kore. Na goruba kore ne mai ɗan toka-toka, yana da ɗan lanƙwasa a tsakiya, kuma sandar ganyen tana da baƙar ƙaya mai ƙugiya gefe da gefe. Duk wadda ta taɓa yankan kaba ta san ƙayar nan, hannunta shaida ne.

In sun girma kuwa, ko makaho ya laluba ya gane. Giginya sanda ɗaya ce, ta miƙe sama, ta yi ciki a tsakiya, har Hausawa su na cewa inuwar giginya na nesa ka sha. Wanda ya je Gaya ya gan ta dubbai a Dallol Mauri. Goruba ita ba ta tafiya da kai ɗaya. In ta tashi sai ta rabu biyu. Kowane reshe ya sake rabuwa biyu, su zama 4, wani lokaci 8, har fiye. Cikin dangin dabino duka, goruba da danginta na kusa ne su ka shahara da wannan rabuwa. Tsawonta ya kan kai mita 10 zuwa 15. Ɗanta bai kai dunƙulen hannu ba, ja ne mai sheƙi, ga bawo mai zaƙi a waje, ga ƙodago mai tauri a ciki. Ɗan giginya kuwa babba ne, ya kan ɗauki ƙwallo har 3.

Ba mu kaɗai Allah ya ba goruba ba. Akwai ta daga Muritaniya da Sanigal har Sudan da Masar, akwai ta a koramun Abzin, akwai ta kuma a gaɓar Bahar Maliya, ɓangaren Saudiyya da Yaman. A Masar, cikin kabarin sarkin nan Tutankamun da aka gano a 1922, an sami 'ya'yan goruba da aka ajiye masa tun fiye da shekara 3,000. A Iritiriya da Sudan an taɓa yin sana'ar fafe farin ƙwallon cikin ƙodago ana yin maɓallan riga, ana kai wa Turai, kafin roba ta zo ta kashe kasuwar. A bakin tekun gabashin Afirka kuma, wajen Kenya da Tanzaniya da Mozambik, akwai wata 'yar uwarta gajeruwa, su ma can tabarma da kwando su ke saƙawa da ganyenta. Kun ji, ba ƙaramin itace ba ne.

Mu dawo gida. Goruba tana son kwari da fadama, inda ƙasa ta ke da rairayi, ruwa kuma bai yi nisa ba. Shi ya sa ku ke ganinta a kwarin Tarka, da bakin koramu, ba ku ganinta bisa fako da duwatsun Adar. Masu haƙar rijiya na dā sun san wannan, in sun ga goruba ta yi yawa a wuri su kan sa rai da ruwa. A gabas da mu, a jihar Maraɗi, akwai kwarin da aka raɗa wa suna saboda ita, watau Gulbin Kaba, wanda ya bi ta ƙasar Mayahi. Ku lura da sunan. Kaba ce ta yi yawa har ta ba kwari suna.

Yanzu ga inda maganar ta ke. Ku tambayi tsofaffin garinku, inda ku ke ganin kaba birjik yau, me ke nan a dā? Da yawa za su ce muku goruba ce tsaye. An sare manyan an yi azara da ginshiƙin rumfa, an kafa bakin rijiya. Fari na 1973 da na 1984 sun ƙara tsananta abin, don lokacin da hatsi ya ƙare mutane daji su ka faɗa wa, abin da za a sayar duk an sayar. To, goruba ba ta mutuwa da sauƙi. In an sare ta, ko wuta ta ci ta, gindin da ke cikin ƙasa ya kan yi ta fid da 'ya'ya, su fito cunkus wuri ɗaya. Shi ne kumbun kabar da ku ke gani. Muna ganin kore sai mu ce ai goruba na nan. Tana nan, amma ba ta haihuwa. Kaba ba ta fure, ba ta 'ya'ya. In babu uwa tsaye, babu iri. Ranar da gindin nan ya gaji ya mutu, babu mai maye gurbinsa.

Kuma ya kan gaji. Ku saurara da kyau a nan, iyayena mata, don ku ne masu wuƙa. Kowane kan kaba yana da zuciya ɗaya tak, a tsakiya, inda sabon ganye ke fitowa. Ganye shi ne bakin tsiro, da shi ya ke cin hasken rana ya yi abincinsa. In an yanke ganyen duka, aka bar kan tsirara, sai ya ciwo abinci daga gindi ya sake fid da wani. A sake yankewa, ya sake ciwowa. Kamar rumbu ne da ake ɗiba ba a zubawa. In kuwa wuƙa ta nutsa ta taɓa zuciyar, wannan kan ya mutu ke nan. Na san sabon ganyen nan na tsakiya, wanda bai buɗe ba, shi ne mai laushi, shi ya fi karɓar rini, shi ke yin tabarma mai kyau. Ba na ce ku bar shi ba. Amma a yanke shi daga sama, kada a tona. Kuma kowane kai a bar masa ganye 2 ko 3 kore. Wadda ta aske kumbu ƙwal yau, ita ce za ta ƙara nisan tafiya baɗi, ko kuwa ta sayi kabar da aka ɗauko a mota daga wata ƙasa, ribar tabarmar ta tafi a kuɗin kaba.

To, mene ne abin yi? Hanya biyu ce. Ta farko ita ce mai sauƙi, ba ta cin ko dala.

Kun san sassaben zamani. An fara shi a ƙasar Maraɗi wajen 1983. Manomi in ya zo sassabe ba ya share gona ƙaf. Ya kan duba kututturen da ya yi toho, ya zaɓi reshe mai ƙarfi ya bari, ya rage sauran. Da wannan dabara aka mai da itatuwa miliyoyi a gonakin Maraɗi da Damagaram, ba tare da an dasa ba. Abin da aka yi wa sabara da kalgo da gawo, shi za a yi wa kaba. Manoman wajen Mayahi sun gwada, goruba ta tashi.

Ka je gindin kumbu. Ka duba kan da ya fi kauri, mai ganye da yawa, wanda wuƙa ba ta taɓa zuciyarsa ba. In yana tsakiyar kumbun ya fi, don sauran su yi masa garkuwa. Ka rage na kusa da shi, ya sami sarari. Ka ɗaura masa tsumma ja, ko ka shafa wa sandar ganyensa fenti, kowa ya san wannan an keɓe shi. Daga ranar nan ba a yankan ganyensa, sai wanda ya bushe ya sunkuya. In rani ya yi, an saki gonaki, ka kewaye shi da ƙaya saboda raƙumi da akuya. Sauran kawunan kumbun kuwa mata su ci gaba da yanka. Ba a hana kowa abincinsa ba. Kai ɗaya kawai aka ce a bari.

Wannan kan da ka bari ba jariri ba ne. Yana zaune bisa tsohon gindi mai saiwa har ƙasa, wadda ta riga ta sami laima. Don haka ya kan riga wanda aka shuka tashi. Shekarun farko su ne na tsaro. Da zarar gangar jiki ta fito, kan ya wuce inda hannu da bakin dabba ke kaiwa, aikinka ya ragu.

Ga wani abu da ya kamata ku sani. Goruba kamar dabino ta ke, akwai namiji akwai mace. Mace ce ke 'ya'ya. Namiji fure kawai ya ke yi, iska ta kwashi garin furen ta kai wa mace. Ba a iya gane su suna kaba, sai ranar da su ka yi fure. Kuma kumbun da ya fito daga gindi ɗaya, duk kawunansa jinsi ɗaya ne. In uwar namiji ce, ko kai 10 ka bari a wurin ba za ka ci goruba ba. Saboda haka kada ka zuba ƙarfinka a kumbu ɗaya. Ka bar ɗaya nan, ɗaya can, ɗaya can. In maza sun yi yawa daga baya, a rage su a yi azara, amma kada a ƙare su. Mace ba ta haihuwa ita kaɗai.

Ku ɗauki fensir. Manomi yana da kumbun kaba 24 a gonarsa. Ya ce cikin kowane kumbu 3 zai keɓe kai ɗaya. Goruba nawa zai tayar? Ku raba 24 gida 3. In gari yana da manoma 50, kowa ya yi haka, goruba nawa ke nan? Kada mai saurin lissafi ya faɗa wa na kusa da shi. Kowa ya yi nasa.

Na san abin da ke ran waɗansunku, don an sha faɗa mini a wurin karatu. Wani ya ce inuwa za ta kashe masa hatsi. Ni ban yarda da wannan ba. Ka dubi kumbun kaba yadda ya ke baje a ƙasa, ya ci wurin shuka da yawa, garma ma sai ta kauce masa. Ka dubi goruba tsayayya. Gindinta siriri ne, kanta yana can sama, inuwarta tsinka-tsinka ce, tana yawo da rana. Ana shuka gero har kusa da gindinta. Ban da haka, gindin kaba ya kan tare rairayi da ganye da iska ke ɗauka, dabba ta kwanta a wurin ta bar taki. Mutanen Buza ba sai an gaya musu amfanin itace a gona ba. Tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya don tare iska, sun ga yadda gona ta ke kafin nan da bayan nan. Mutanen Keita kuma, tun da aka fara babban aikin gyaran ƙasa a 1984 da taimakon Italiya, mata ne su ka ɗauki duwatsu a ka, aka yi shinge, aka dasa itatuwa bisa tsaunuka. Wanda ya yi wancan aiki mai nauyi, ɗaura tsumma a kan kaba ba zai gagare shi ba.

Wani kuma ya ce, in na rena ta ta girma, ai ta zama ta gwamnati, in na taɓa a ci ni tara. Wannan tsoro yana da tushe. Goruba tana cikin itatuwan da dokar daji ta kare, ba a sare ta kai tsaye. Amma abubuwa sun sake. Bayan dokar daji ta 2004, gwamnati ta fid da wata doka a watan Yuli na 2020 musamman a kan sassaben zamani, wadda ta tabbatar wa manomi hakkin cin moriyar itacen da ya rena a gonarsa. Shawarata ita ce, ka je ka ga ma'aikacin daji na yankinku tun ranar da ka fara, ka nuna masa abin da ka keɓe. Ka rubuta a littafinka: rana kaza, wata kaza, na keɓe kai kaza. Ga amfanin karatu. Ranar da ka ke bukatar sarewa kuma, ka koma wurinsa tukuna.

Tsoro na uku shi ya fi gaskiya. Mutum ya ce, ni na bari, wani ya zo bayan idona ya yanke. Haka ne. Bayan girbi gona ba ta da ƙofa. Mai yankan kaba ya shiga, makiyayi ya shiga, yaro mai neman zuciyar kaba ya ci ya shiga. Wannan mutum ɗaya ba ya maganinsa. Sai an zauna gaban maigari, da masu gona, da mata masu saƙa, da makiyayan da ke sauka kusa, a yarda a kan alama ɗaya, a yi shela. Kuma kada a yi zaman nan ba mata. Dokar da aka yi wa kaba ba da mai yankan kaba ba, a bakin zaure za ta kwana.

Hanya ta biyu ita ce shuka, ga wanda ba shi da kaba a gonarsa amma yana da ƙasar kwari. A nemi 'ya'yan da su ka nuna sarai, daga uwa mai zaƙi. Ba ɗanye ba, wanda yara ke fasawa su sha ƙwalshi, wannan bai ƙosa ba. In ka binne goruba yadda ta ke da bawonta, sai ta daɗe ba ta tsiro ba, da yawa ma ba sa fitowa. Masu bincike sun gwada a nan Nijar, sun ga in an cire bawon, aka jiƙa ƙodagon cikin ruwa kwana 3, mafi yawansu su kan tsiro. Cire bawo kuwa ba wuya, ku ba yara su gwaigwaye, ko a daka a turmi a hankali a sami garin kunu. A kula kada a fasa ƙwallon ciki.

A shuka da farkon damina, bayan ƙasa ta sha ruwa sosai. Rami kamar zurfin tafin hannu ya isa. A sa ƙodago 2 ko 3, a rufe, a kafa sanda don a gane wurin. Tsakanin rami da rami a bar taki 10 ko fiye, saboda garma. Kuma a shuka shi inda ake so ya zauna har abada. Goruba ba ta son leda irin ta gidan renon itatuwa, ba ta son dashe. Dalili kuwa, in ƙodago ya fashe ba sama ya ke fara nufa ba. Wani farin abu ya kan fito kamar yatsa ya nutsa ƙasa, kamu ɗaya ko fiye, daga can ne saiwa da ganye za su kama. Wanda ya san muruci ya san wannan, haka giginya ma ta ke yi. In abin nan ya tarar da gindin leda sai ya naɗe, in ya karye wajen dashe shi ke nan.

Sa'an nan sai haƙuri. Wata 2, wata 3, wani har ya fi, ba ka ga kome ba. Kada ka tone don ka duba. Ganyen farko in ya fito siriri ne, guda ɗaya, kamar ganyen dawa mai kauri, bai yi kama da kaba ba ko kaɗan. Nan ne ake hasara, mai noma ya ɗauka ciyawa ce ya sa mata hauya. Ka nuna wa 'ya'yanka da 'yan ƙodagonka wurin. Ganye mai kamar tafin hannu sai bayan shekara 2 ko 3. A ƙasa mai kyau, mai ruwa kusa, ta kan fara 'ya'ya cikin shekara 6 zuwa 8. Inda ƙasa ta yi tauri, ko dabba na cinta, ya kan wuce haka da yawa. In ta fara kuwa, shekara da shekaru ana ci. Bawon a yi kunu da abin sha, a sayar a kasuwa. Ƙodago a hura wuta. Sandar ganye a yi shinge da gado. Busasshen ganye a yi rufi.

Ga aikinku kafin mako mai zuwa. Kowa ya je gonarsa, ko gonar gidansu, ya ƙirga kumbun kaba nawa ne, goruba tsayayya nawa ce. Cikin tsayayyun, mata nawa, maza nawa. Ku rubuta lambobin a littafi, kowace a layinta, ku kai wa malamin ajinku tare da amsar lissafin nan biyu. Mata masu saƙa kuma ku rubuta mana sunan wurin da ku ke samo kaba bana, da wurin da iyayenku ke samowa a dā. Malamai su tattara su aiko mana, za mu karanta na garuruwan da su ka riga isowa.

Sai mako mai zuwa war haka, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.